Malam Buhari Mai Ƙofar Ruwa da Wanzaminsa

Ina tsaye gaban allo a makarantar da nake koyarwa a Rabah, da alli a hannuna, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Ba na ɗaukar waya a aji, yaran ma sun san haka. Amma da na ga sunan ƙanwata Hajara, wadda ke jinyar mahaifinmu a Wurno, sai na fita baranda. Ba ta ja magana ba. Ta ce Baba ya cika bayan ya sha kunun safe, ta ce in yi haƙuri. Na ce daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma, na shiga aji na ajiye allin a kan tebur, na fita ban ce wa yaran komai ba.

A kan babur, tsakanin Rabah da Wurno, na yi ta jiran kuka ya zo, bai zo ba. Abin da ya zo shi ne tunanin Baba Modi wanzami. Mahaifina ya ɗora mini amana guda a ƙarshen rayuwarsa, cewa in kai abokinsa Baba Modi asibiti a Sakkwato a duba masa zuciya. Na je na same shi, ya ƙi. Ga shi wanda ya ba ni amanar ya tafi, amanar tana nan. Kuma in faɗi gaskiya, a wannan safiyar babu mutumin da nake jin haushinsa a duniya kamar Baba Modi. Dole in koma baya kaɗan kafin a gane dalili.

Mahaifina, Malam Buhari, ya yi rayuwarsa a bakin kanal, wato babbar magudanar ruwan noman rani. Tun da aka gina dam ɗin Goronyo ruwa ya riƙa isowa gonakin Wurno da rani, aka ba shi aikin buɗe ƙofar ruwa da rufe ta a ɓangarenmu. Masu shinkafa, masu albasa, masu tafarnuwa, kowa idonsa na kan hannunsa. Aiki ne mai jawo baƙin jini, domin ruwa ba ya isar kowa a lokaci guda, kuma kowane manomi gani yake tasa gonar ce ta fi jin ƙishi. Shi kuwa yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya saɓawa. In ya buɗe ƙofa ba ya zama a inuwa, sai ya bi ruwan da ƙafa har gonar da ta fi nisa, wadda yawanci ta wani mara gata ce. Yakan ce, "In ruwa bai kai gonar ƙarshe ba, ba ka buɗe komi ba."

Ban taɓa ganin mutumin da zama ke wa wuya kamarsa ba. Ko tuwo yake ci, ƙafa ɗaya tana kan takalmi. Inna, mahaifiyarmu, takan yi masa tsiya ta ce da kanal ta san aure da ita ya aura. In manoma biyu suka kawo masa ƙara kan wanda ya karkatar da ruwa, ba ya sauraron dogon bayani, sai ya miƙe ya ce, "Tashi mu gani da ido." Wannan kalma ta raba rigingimu da yawa a fadamar Wurno. Ita ce kuma, a ganina, ta kai shi ga kuskuren da ya yi daga baya, domin mutum ne da ya yarda da abin da idonsa ya nuna masa fiye da abin da aka gaya masa.

Ciwon ya fara ne da gajiya. Mutumin da ke bin kanal daga farko har ƙarshe ba tare da ya tsaya ba, sai ga shi yana dafa itace yana haki. Ya ce wa Inna wani lokaci yakan ji zuciyarsa tana sauri, ta tsaya kamar ta manta, ta sake ɗauka ba tsari. Da ƙyar na ja shi zuwa wani babban asibiti a Sakkwato. Aka yi gwaje-gwaje, har aka zura masa wata na'ura ta maƙogwaro don a ga zuciyar daga baya, abin da ya daɗe yana ba da labarinsa a majalisa yana cewa an yi masa ɗura kamar jariri.

Likitan da ya duba shi mutum ne mai haƙuri. Ya zana mana zuciya a takarda, ya ce tana da ɗakuna, kuma ɗakunan sama na zuciyar Baba sun daina matsa jini da ƙarfi yadda ya kamata, sai karkarwa kawai suke yi. Ya ce a jikin ɗakin sama na hagu akwai wani ɗan aljihu da kowane ɗan Adam ke da shi, amma ba iri ɗaya ba ne ga kowa. Na wani santsi ne, a lanƙwashe kamar fiffiken kaza, jini yana shiga yana fita ba wahala. Na wani kuwa yana da saƙo-saƙo da yawa, kuma na Baba irin wannan ne. In bugun zuciya ya rikice, jini yakan yi jinkiri a cikin waɗannan saƙo, in ya daɗe bai motsa ba sai ya daskare ya zama guda. Ranar da gudan ya ɓalle, jijiya za ta ɗauke shi ta kai ƙwaƙwalwa ya toshe hanya, daga nan sai shanyewar ɓarin jiki.

Ni na ruɗe, amma Baba fuskarsa ta washe kamar an ba shi albishir. Ya sa yatsa a kan zanen ya ce, "Likita, wanga abu na san shi. Lungu na. Duk inda kanal yay yi lungu, ruwa ba shi gudu, nan laka ka kwanciya." Likita ya yi murmushi ya ce haka ne, ya gane. Ya rubuta masa maganin tsinka jini, ya ja masa kunne cewa kullum ne, ba fashi, ko ya ji lafiya garau. Na dawo gida ina murna, ina ce wa Hajara ai Baba ya fi ni fahimtar abin.

Abin da ban lura da shi ba shi ne, Baba ya fahimci ciwon da idon mai kanal, zai kuma nemi maganinsa da idon mai kanal. A wurin aikinsa, in laka ta taru a lungu, ba a zuba mata wani abu kullum. Ana jiran lokacin da aka rufe ruwa, a tara mutane da shebur da kwanduna a yashe ta, a ga tulinta a bakin kanal, shi ke nan sai wata shekara. Ƙwayar da ake haɗiya kowace safiya ba tare da an ga abin da ta fitar ba, a wurinsa aiki ne da ba a ga ƙarshensa. Ya sha ta tsawon lokaci don ya faranta mana, amma yana sha yana mita.

A nan Baba Modi ya shigo. Shi ne wanzamin gidanmu tun kafin a haife ni, shi ya yi mini askin suna, shi ya yi wa 'ya'yana. Da shi da Baba tare suka yi karatun allo, kuma ban taɓa jin sun gaisa ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Al'adarsu ce duk shekara, in an gama girbin shinkafar rani zafi ya tsananta, Baba Modi ya zo da zabirarsa su zauna a zaure ya yi masa ƙaho a baya. Shekarar farko da fara shan magani, tsagar ta ƙi tsayawa, jini ya yi ta tsiyaya har Baba Modi ya tsorata. Da shekara ta zagayo, sai Baba Modi ya ce wa Baba ya ajiye ƙwayar asibitin na ɗan lokaci tukuna, jini ya koma daidai, sannan a yi ƙaho. Baba ya ajiye. Ya kuma ce a kafa ƙahon ta hagu, daidai saitin zuciya.

Ranar kasuwa na zo gida na same shi yana ta fara'a. Kafin in cire takalmi ya ce, "Nasiru, an yashe lungun. Na gani da idona, baƙi ƙirin, guda-guda." Na tambaye shi magani fa, ya ce me za a yi da shi bayan an kwashe lakar. Na ɗaga murya, abin da ban saba yi masa ba. Na ce masa kowane jini in ya fita daga jiki ya zauna a ƙaho daskarewa yake yi, ko na ɗan yaro ne, kuma ƙaho fata yake ja, ba ya isa cikin zuciya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kai malamin makaranta na, ni malamin ruwa na." Ya yi alkawarin zai koma shan maganin don kada in tada hankalina. Inna ta gaya mini daga baya cewa yakan sha in ya ga idonta, in ba ta nan ya bar shi.

Damina ba ta kai ga sauka ba abin ya faru. Yana bakin kanal da hantsi yana nuna wa wasu manoma inda bango ya tsage, sai sandar ta faɗi daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, ya bi ta. Suka ɗauko shi bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi. A asibiti likita bai yi mana faɗa ba, ni kuwa da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce gudan ya tashi daga wannan aljihun ya tafi ƙwaƙwalwa, ya ce a koma kan magani, kuma a sani abin yana iya dawowa.

Wanda bai san Malam Buhari ba ba zai gane abin da kwanciya ta yi masa ba. Mutumin da ba ya iya gama tuwo a zaune, ga shi a tabarma sai an juya shi. Hannunsa na hagu mai lafiya ba ya hutawa, yana jan bakin tabarma, yana murza tasbaha, yana nuna ƙofa. In manoma suka zo gaisuwa, da sauran maganar da ta rage masa yakan tambaye su ko ruwa ya kai ƙarshe. Ban ji ya zargi kowa ba ko sau ɗaya. Da Hajara ta ambaci ƙahon tana kuka, ya bugi ƙirjinsa da hannun hagu, wato shi ya ce a yi.

Baba Modi kuwa ya ɗauke ƙafa. Ya daina bin layinmu, ya canja masallaci. Ni hakan ya yi mini daidai, domin da ya zo ban san abin da bakina zai faɗa ba. Amma Baba ya ƙi yarda kowa ya taɓa kansa. Na kawo wani mai aski daga kasuwa, ya kau da kai. Gashi ya taru, gemu ya cukurkuɗe, Inna ta yi lallashi har ta gaji. Duk wanda ya zo da aska sai ya ce, da harshensa mai nauyi, "Modi." A ƙarshe Inna ta aika aka kira shi.

Ya shigo kansa a ƙasa, ya yi sallama da ƙyar. Ya jiƙa kan Baba ya fara aski. Ina tsaye a bakin ƙofa na harɗe hannu. Can sai na ga Baba ya ɗaga hannun hagu ya kama wuyan hannun Baba Modi. Na ɗauka yafiya ce yake nuna masa. Amma bai saki ba, ya danna yatsunsa a kan jijiya, ya rufe ido yana saurare. Tun da likita ya koya masa jin bugun kansa ya zama gwani, har jikokinsa yakan kama ya ji nasu. Da ya buɗe ido ya neme ni, ya yi mini alama in matso.

"Nashi awa nawa," ya ce, wato bugun Baba Modi irin nasa ne. Ya huta, ya tattaro sauran kalmomin. "Ka kai shi."

Baba Modi ya janye hannunsa ya ce tsufa ne kawai. Ya gama askin ya tafi. Tun daga ranar, duk zuwan da na yi Wurno, kafin Baba ya tambayi matata da yara sai ya ɗaga gira ya ce, "Modi?" Na je gidan wanzamin na yi masa magana, ya ce yana da aiki. Na koma, aka ce ya tafi Gandi cin kasuwa. Na sake komawa, ya ce mini kai tsaye ba zai je ba. Haka muka yi ta yi har safiyar da Hajara ta kira ni.

Jana'izar ta tara jama'a fiye da yadda na zata. Manoma sun zo daga Goronyo da ƙauyukan da ke bin ruwa, wasu ban taɓa ganinsu ba. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce gonarsa ce ta ƙarshe a layinsu, kuma bai taɓa rasa ruwa ba a zamanin Malam Buhari. Baba Modi na can bayan sahu. A maƙabarta na gan shi yana miƙa ƙasa, yana tsayawa yana dafe ƙirji. Ana ta yi mini ta'aziyya, ni kuwa idona na kansa, raina na cewa yanzu zai faɗi a gabana kamar yadda aka ce Baba ya faɗi. Zaman makoki duka haka na yi shi, ina tashi ina zama, har wani kawuna ya ce na gaji babana.

Da aka shafa addu'ar uku, ban jira mutane su watse ba, na tafi gidansa. Na same shi a zaure yana wasa aska a kan fata, ba don akwai wanda zai aske ba. Na gaishe shi, na ce na ari motar wani abokin aikina, gobe da safe za mu Sakkwato.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ba ni zuwa, Nasiru. Hannun ga yak kada babanka. In Allah ya aiko min irin tashi, sai in ce an yi adalci."

Na ce, "Baba Modi, ni ma ba don ina son ganinka niz zaka ba. Aiko ni anka yi. Kuma wanda ya aiko ni ba shi nan, balle in koma in ce mashi ka ƙiya."

Ya ajiye askar. Ya miƙo mini hannu, ya ce in taɓa in ji, domin shi yana zaton Buhari ya faɗi haka ne kawai don ya rage masa kunya. Na kama wuyan hannunsa. Bugu biyu da sauri, sai shiru, sai ɗaya mai rauni, sai sauri kuma. Kukan da na yi ta jira tun daga hanyar Rabah a nan ya zo mini, ina riƙe da hannun mutumin da nake jin haushi. Shi ma bai janye ba.

Washegari muka tafi. Abin da Baba ya ji da yatsunsa shi na'ura ta tabbatar. Likita ya yi wa Baba Modi bayanin aljihun da jinin da ke jinkiri a ciki, ya kuma gaya masa a fili cewa mai shan wannan magani ba ya ajiye shi don ƙaho, ko don wani abu, sai da sanin likita. Baba Modi ya yi tambayoyi fiye da yadda na zata, yawancinsu ba a kan kansa ba. Ashe duk lokacin nan ƙahon da ya kafa wa Baba saitin zuciya yake zargi, bai san ajiye maganin ne ya jawo abin ba. Ya karɓi maganinsa ya sa a aljihun riga, muka kamo hanya. Na ɗauka na sauke nauyi, har na fara jin iska tana shiga ƙirjina.

Da muka kusa gida sai Baba Modi ya dafa kafaɗata ya ce, "Kada mu shiga Wurno tukuna. Mu biya Lahodu."

Na ce, "Mi za mu yi Lahodu, Baba?"

Ya ce, "Akwai wani tsoho can da nic ce mai ya aje ƙwayar asibiti kahin in zaka in yi mai ƙaho. Tun makon jiya ba shi sha."

Na taka birki a gefen hanya. Na tambaye shi ko shi kaɗai ne. Sai ya fara lanƙwasa yatsunsa yana ambaton sunaye a hankali, ya gama da hannu ɗaya ya koma ɗayan. Akwai na Gandi, akwai wata tsohuwa a Goronyo da ɗanta ya tambaye shi shawara, akwai wani a Shinaka, hanyar da yanzu ba kowa ke son bi ba saboda rashin tsaro. Na juya kan mota muka nufi Lahodu. Mun sami tsohon a ƙofar gidansa yana gyaran igiya, lafiyarsa lau, ya yi mamakin ganin wanzami ba zabira. Ina tsaye Baba Modi ya durƙusa a gabansa ya ce masa shawarar da ya ba shi kuskure ce, ya tashi yanzu ya ɗauko maganin ya sha a gabanmu.

Ina rubuta wannan ne ba mu gama zagayen ba. Na Gandi mun same shi, ta Goronyo mun same ta. Na Shinaka har yanzu ba mu kai gare shi ba, wayarsa ba ta shiga, kuma ba ni da kwanciyar hankali sai na ji an isa. Duk wanda ya karanta wannan yana da tsoho a gida mai shan maganin tsinka jini, ina roƙonsa ya tashi ya je ya tambaye shi ko ya sha na yau.

Ya Allah, ga bawanka Buhari ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka ba shi hutun da bai taɓa yarda ya yi ba a duniya, Ka shayar da shi daga tafkin Manzonka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka ba Inna haƙurin rashin abokin zamanta, Ka saka wa Hajara da alheri kan jinyar da ta yi, Ka raya jikokinsa a kan gaskiya. Ka ba Baba Modi lafiya da tsawon kwana, Ka yafe masa, Ka cire abin da ya rage a zuciyata game da shi. Wanda ke Shinaka kuma, ya Allah, Ka tsare shi har mu iso. Amin.